Shekarar da Baba Ya Yi wa Littattafai Guga

Na sha jin ku, 'ya'yana, kuna faɗa wa naku 'ya'yan abu biyu a kaina, kuma duka biyun ba haka suke ba. Na farko, wai kyauta aka ɗauki nauyin karatuna a kwaleji saboda hazaƙata. Na biyu, wai kakanku, mahaifina, bai so in yi karatu ba. Ban taɓa katse ku ba, don ba na son in gyara wa uba zance a gaban ɗansa. Amma yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ko Masallacin Harami sai an tura ni a keke, na ga gara in rubuta yadda aka yi. Da Hausa na rubuta da gangan. Wanda Larabci ya cinye wa harshe a cikinku, ya nemi ɗan'uwansa ya karanta masa, ko banza kun zauna tare.

Baba, Malam Garba, ya baro ƙauyenmu na ƙasar Katsina da ƙafa, shi da Inna, suna sabbin aure. Shekaru suka yi a hanya, su tsaya a Sudan su yi aikin auduga, su tara guzuri, su ƙara gaba. Ni a Makka aka haife ni, a ɗakuna biyu da muke haya a unguwar Tandabawi, can saman tudu, inda jakin mai ruwa ma sai ya huta kafin ya iso ƙofarmu. Sana'ar Baba wanki da guga. Yana wanke wa masu shaguna jallabiyoyinsu, in aikin Hajji ya gabato kuma ya karɓi zannuwan gado na gidajen da ake sauke alhazai. Inna tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin layinmu. Ni ne namiji ɗaya, sai ƙannena mata uku. Tun ina ƙarami Baba ya sa ni makarantar gwamnati, abin da maƙwabta da yawa ba su yi ba, kuma bai taɓa bari na wuni a kan bahon wanki ba sai ranar Juma'a. Yakan ce shi ya wanke rigar kowa a garin nan don kada ni in wanke ta kowa.

A shekarun sittin ne, a lissafin Turawa, na gama sakandare na sami shiga kwalejin horar da malamai da ke Aziziyya. A lokacin Aziziyya bayan gari ce, 'yan gine-gine ne jefi-jefi a kan hanyar Mina, sai duwatsu da rana. Murna a gidanmu ba a cewa komai. Inna ta raba gyaɗa kyauta ranar. Sai da na je rajista na gane inda matsala take. Kowane ɗalibi ana ba shi alawus duk wata, suna kiransa mukafa'a, da shi yake sayen littattafai, ya ci abinci, ya hau mota. Amma sai mai takardar ɗan ƙasa. Mu kuwa iƙama muke da ita, takardar zama kawai, duk da a garin aka yanke mini cibiya. An ba ni kujera a aji, ba a ba ni abin da zai kai ni kan kujerar ba. Mako uku na yi ina tafiya da ƙafa rabin hanya, ina leƙen littafin na kusa da ni, ina wuni da ruwa. A mako na huɗu na ga ba za ta yiwu ba, na tafi ofishin mai kula da harkokin ɗalibai in karɓi takarduna.

Sunansa Ustaz Abdulkarim, wani siriri mai tabarau, mutumin Makka ne gaba da baya, ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har na gama, ya buɗe fayil ɗina ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe ya ɗora hannu a kai.

"Haruna, takardun nan ba zan ba ka su yau ba. Kana jin kunyar aiki?"

Na ce, "Ya Ustaz, ɗan mai wanki ne ni."

"Ba sana'ar babanka na tambaye ka ba. Kai na tambaya. Za ka iya riƙe tsintsiya a gaban 'yan ajinku?"

Gaskiya ban sani ba. Sai ya bayyana mini tsarin da ya ƙirƙiro. Kwaleji tana ɗaukar ma'aikata daga waje don wasu ƙananan ayyuka. Shi kuma ya yi ta bin manyan makarantar har suka yarda a riƙa ba ɗaliban da ba su da mukafa'a waɗannan ayyukan, a biya su da abincin rana, da littattafan karatu, da wani abu a hannu ƙarshen wata. Awa uku bayan an tashi daga aji, ban da makon jarrabawa. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: duk wanda makinsa ya faɗi, aikin ya faɗi, don karatun ne ya kawo aikin, ba aikin ne ya kawo karatun ba. Mu biyar ne a shekarar. Wani ɗan Yaman a kicin, wani ɗan Indonesiya a kan injin gurza takardu, biyu a lambu da ofis, ni kuma aka tura ni ɗakin karatu. Da zan fita ya ƙara mini magana ɗaya.

"Wannan ba sadaka ba ce, ya waladi, ɗana. Kada ka gode mini a kanta, kada kuma ka sunkuyar da kai. Aiki za ka yi, haƙƙinka za ka karɓa."

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, na ga shugabanni iri-iri, ban ga wanda ya iya taimakon mutum ba tare da ya ƙasƙantar da shi ba kamar wannan bawan Allah. Bai taɓa kiran sunayenmu a taro ba. Ranar biya, lokacin da kowa yake karɓar mukafa'arsa a layi, mu ma a layin muke karɓar namu, a ambulan iri ɗaya da na kowa. Daga baya na ji shi ya dage a kan ambulan ɗin.

Ɗakin karatun yana hawan ƙasa, kuma sarkinsa Ammu Yusuf ne, wato Baffa Yusuf, wani tsoho mutumin Bukhara mai farin gemu da 'yar hula, wanda aikinsa ɗinkin littattafai da gyaransu. Yana da ɗan lungu a bayan kantoci, da teburi, da wuƙaƙe, da zare, da tukunyar manne da yake damawa da garin alkama, da wani matsi na katako mai dunƙulen ƙarfe da yake matse littafi a ciki. Wata guda cur bai bar ni na taɓa komai ba sai tsintsiya da tsumman goge ƙura. Yana kallona ta ƙasan ido. Ranar da ya ga na wanke hannu kafin in ɗauki littafi ba tare da an ce mini ba, ranar ya jawo mini kujera. Ya koya mini yadda ake kwance tsohon ɗinki ba a yaga takarda ba, yadda ake jera ganyen littafi a bi lamba, yadda ake jan zare daidai, kada ya yi sako-sako kada ya yanke takarda. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya kwance abin gaba ɗaya ya tura mini. Akwai littafin da na ɗinka sau huɗu. Amma kullum in la'asar ta yi sai ya zuba mana koren shayi, ya ce in karanta masa shafin da nake gyarawa, don idonsa ya fara rauni. Ta haka na karanta littattafan da ba sa cikin manhajarmu, tarihi da nahawu da labarin ƙasashe. Rabin abin da na koyar a rayuwata daga lungun nan na ɗebo shi.

Ba duka ne daɗi ba. Wasu 'yan ajinmu suka fara kirana farrashi, wato mai shara da aike. Wani ya taɓa miƙo mini kofinsa a gaban mutane ya ce in kawo masa shayi. Na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ranar da labari ya isa gida. Na gaya wa Inna gaskiya tun farko, amma Baba na ce masa kawai an sami hanya. Sai wani maƙwabcinmu da ke kai kaya Aziziyya ya hango ni da tsintsiya a barandar ɗakin karatu, ya zo ya faɗa, ba da mugun nufi ba. Na dawo na tarar da Baba yana hura gawayin dutsen guga. Bai ɗago ba.

"An ce shara kake yi a makarantar."

"Baba, ɗakin littattafai ne. Ana koya mini ɗinkinsu, kuma da shi nake cin abinci in sayi..."

"Na tambaye ka, kana shara ko ba ka yi?"

"Ina yi."

"To, da ka faɗa mini shara za ka je koyo, ai da na koya maka a nan, ba sai ka hau mota ba. 'Ya'yan mutane suna zaune a kujera, nawa yana share ƙarƙashinta."

Ku lura da kyau, ba karatun ya ƙi ba. Tsintsiyar ya ƙi. Mutum ne da ya sha kira da sunayen da ba nasa ba a ƙofofin gidaje, yana ɗauke da ƙullin wanki a ka, kuma duk ya jure ne da tunanin a kansa abin zai ƙare.

Ana cikin haka, da azumi ya kama, sai wata ƙofa ta buɗe. Mutawwifin da Baba yake wanke wa zannuwa, wato mai masaukin alhazai da ke kula da mutanen ƙasarmu, ya ce yana neman magatakarda mai jin Hausa da Larabci da ɗan Turanci, aiki na dindindin, ofis da teburi da fanka. Albashin ya ninka abin da nake samu a kwaleji ninki ba ɗaya ba. Kuma ya ƙara da abin da ya fi albashi nauyi a gidanmu: in na karɓa, zai sama wa Inna kujera a jirgin alhazai mai komawa Kano bayan Hajji. Alhazan bara sun kawo saƙo cewa Iya, mahaifiyar Inna, ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, kullum tana tambayar ko 'yarta za ta zo. Inna ba ta ga uwarta ba tun ranar da ta bar ƙauye tana amarya. Sharaɗin dai in bar kwaleji, don aikin ba ya haɗuwa da karatu.

Baba ya ce wannan shi ne mutunci, alƙalami a hannu ba tsintsiya ba, karatun da na yi ya isa. Ni kuwa na kasa cin abincin buɗa-baki. Na yanke a raina zan karɓa saboda Inna. Wata Juma'a da hantsi ina taya ta ɓare gyaɗa a tsakar gida na faɗa mata. Ba ta daina ɓarewa ba.

"Wa ya ce ka saya mini tafiya da karatunka?"

"Inna, Iya fa. In ba bana ba, ba mu san ko..."

"Na fi ka sanin Iya. Ita ta ɗaura mini kaya ta raka ni bakin rafi, ta ce in kama hanya kada in waiwaya. Ka gaya mini, in ka gama makarantar nan, malami za ka zama?"

"In Allah ya yarda."

"Aikin mutawwifi kuma, in ya mutu ko ya yi fushi da kai?"

"Sai in nemi wani."

"To ka koma wajen tsohonka mai zare. Ni zan ji da babanka. Kuma kada in ƙara jin ka sa sunana a cikin wannan lissafi."

Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Bari in gaya muku ƙarshen wannan tun yanzu, don kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Inna ba ta tafi ba. Alhazan shekara ta gaba su suka kawo labarin Iya ta rasu da damina, watanni kaɗan bayan jirgin da Inna za ta hau ya sauka. Da ta tafi da ta same ta da rai. Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa ambata mini wannan ba, ko da wasa, ko cikin fushi. Duk wanda ya ce kyauta na yi karatu, bai san wadda ta biya ba.

Abin da ta faɗa wa Baba ban sani ba. Na dai san bai sake tayar da zancen ba, kuma ya daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa. Fiye da wata muna haka. Amma duk safiya sai in tarar da jallabiyata a rataye a ƙusa, fara tas, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ba ya magana da ni, amma bai yarda ɗansa ya shiga cikin 'ya'yan mutane da riga a yamutse ba.

Bayan ƙaramar Salla aka yi wani gagarumin ruwan sama. Kun san ruwan Makka, shekara ta wuce ba ɗigo, rana ɗaya kuma sama ta buɗe, duwatsu su tattaro shi su turo cikin kwari. Muna aji da safe ya fara. Kafin azahar rigyawa ta cika harabar kwaleji, ja wur da laka, tana ɗauke da itace da gwangwanaye. Kowa ya gudu hawan sama. Ni na tuna da kantocin ƙasa na ɗakin karatu, na sauka a guje. Na tarar da Ammu Yusuf tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya rungume littattafai a ƙirji, yana rawar sanyi, ya kasa gaba ya kasa baya. Na fara fitar da shi, na zaunar da shi a matakala. Sauran abokan aikina huɗu suka iso ba wanda ya kira su, muka yi layi muna miƙa littattafai hannu da hannu zuwa sama. Can sai na ga layin ya ƙaru. Ustaz Abdulkarim ya naɗe jallabiyarsa ya shigo, ɗalibai suka biyo shi, har da wanda ya taɓa miƙo mini kofi, shi ne ma a kusa da ni. Mun ceci mafi yawa. Amma kantoci biyu na ƙasa sun riga sun sha ruwa, kuma a cikinsu akwai tsofaffin littattafan da ba a samun irinsu a kasuwa.

Kwana biyu muna shanya su a ɗakin sama, muna buɗe shafi ɗaya-ɗaya muna sa takarda a tsakani. Suna bushewa suna kumbura, shafuka suna lanƙwashewa kamar busasshen ganye, wasu sun fara ɗaukar warin fumfuna. Matsin Ammu Yusuf guda ɗaya ne, littafi ɗaya yake ɗauka a wuni. Tsohon ya zauna ya dafe kai. Na koma gida a rana ta biyu jikina duk laka, na zauna ina ba Inna labari, ba da Baba nake ba. Yana gefe yana ninke zannuwa. Sai na ji muryarsa, karo na farko a cikin makonni.

"Takardar ta bushe ƙarau ko da sauran danshi?"

Na ce, "Da saura kaɗan."

"Rubutun yana zuba in an taɓa?"

"Na bugun inji ba ya zuba. Na hannu ne muke tsoro."

Ya ci gaba da ninke zannuwansa. Washegari na fito zan tafi na same shi a ƙofa da duwatsun gugarsa biyu a cikin buhu, da ƙullin gawayi, da tsofaffin zannuwa farare da ya yayyanka. Lokacin aikin Hajji ya matso, wankin mutawwifi jibge a gida, kwanakin da yake samun abincin rabin shekara ke nan. Ya bar su ya bi ni Aziziyya.

Da Ammu Yusuf ya ga dutsen guga da wuta a ɗakin littattafai sai da ya miƙe tsaye. Baba, da Larabcinsa na kasuwa, ya ce a ba shi littafin da ya fi lalacewa, wanda ba a sa ran komai a kansa. Ya hura gawayi a waje, ya jira zafin ya sauka, yana kara dutsen kusa da kuncinsa yana ji. Ya shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin shafi, ya rufe da wani, ya ɗora dutsen a hankali, bai ja ba, ya ɗaga. Shafin ya fito a miƙe, a bushe, ko alamar ƙuna babu. Tsohon ya ɗauka ya kai kusa da idonsa, ya juya, ya shinshina. Sai ya kama hannun Baba, wannan hannu da sabulu ya tsattsage, ya riƙe da hannu biyu.

"Ya mu'allim, gwanin sana'a, a ina ka koyi wannan?"

Baba ya ce, "A kan rawunan mutane. Mai tsada ba ya son wuta da yawa."

Kwana tara Baba yana zuwa. Shi yana guga, ni ina kwance ɗinki ina jera shafuka, Ammu Yusuf yana mayar da su cikin bango. Littattafan hannu Baba ya ƙi taɓa su da wuta, ya ce tawadar ba za ta jure ba, a bar su ga matsi, kuma gaskiyarsa. Ban taɓa ganin mutum biyu da harshensu bai cika haɗuwa ba sun fahimci juna kamar su. Da la'asar su zauna da shayi, wannan ya ba da labarin duwatsun ƙasarsu masu ƙanƙara, wancan ya ba da na gonar gero. A nan Baba ya ga abin da nake yi da idonsa. Ya ga na ɗinke littafi daga farko har ƙarshe. Ya ga ɗalibai suna zuwa suna tambayata inda littafi kaza yake, ina faɗa musu ba tare da na duba ba. Ya kuma ga ina shara, don ban daina ba. Wata rana ina share tokar gawayinsa, ya ɗaga ƙafa ya ba ni wuri, ya ce in bi lungun can ma, na bar ƙura.

A gida kuwa Inna da ƙannena su suka tsaya a kan wankin mutawwifi, Baba yana dawowa ya kama guga. Duk da haka an makara, mutumin ya ji haushi ya ba wani rabin aikin. Shekarar mun ji jiki. Da aka gama gyaran littattafan, Ustaz Abdulkarim ya kira Baba ofis, ni ina yi musu tafinta inda magana ta yi nauyi. Ya ce kwaleji za ta biya shi ladan aikinsa, haƙƙinsa ne. Baba ya girgiza kai.

"Ka ce masa ɗana ne ma'aikacinsu, ni taya ɗana na yi. Ba a biyan uba don ya taya ɗansa."

Ustaz ya yi ta lallashi, Baba ya kafe. Daga ƙarshe ya ce in dai ana son a yi masa wani abu, to abu ɗaya yake so. Ya ji an ce ana kai ɗalibai makarantar firamare su gwada koyarwa. Yana son ranar da za a kai ni a bar shi ya shiga ya gani. Ustaz ya cire tabarau ya goge, ya ce ba a saba ba, amma shi zai nemo izini da kansa.

Sai ƙarshen shekara ranar ta zo, bayan an yi Hajji an watse, na ci jarrabawa da makin da ya tabbatar mini da aikina na shekara mai zuwa. Makarantar tana nan kusa da kwaleji. Baba ya sa babbar rigarsa ta gida, wadda ba ya sawa sai da Salla, da hula. Aka ba shi benci a bayan aji, irin na yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Malamin da ke duba ni yana gefe da takarda. Darasin nahawu ne, na yi shi sau ashirin a gaban madubi, amma da na juyo na ga Baba sai alli ya faɗi daga hannuna. Yara suka yi dariya. Na sunkuya na ɗauka, na yi bisimilla, daga nan bakina ya buɗe. Na yi tambaya, hannuwa suka tashi, suna ta kiran ya Ustaz, ya Ustaz. Duk lokacin da na saci kallonsa yana zaune ƙyam, hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai sauraron huɗuba.

Da muka fito bai ce na yi kyau ba, bai ce ban yi ba. Muka taka har bakin titi cikin rana, ina jiran kalma ɗaya. Motar haya ta zo muka shiga, muka sami wuri a baya. Mai karɓar kuɗi ya biyo layi har ya iso kanmu, ya miƙa wa Baba hannu, don shi ne babba. Ku da kuka san kakanku kun san bai taɓa yarda wani ya biya masa ko kofin shayi ba. Na ga hannunsa ya nufi aljihu kamar kullum, sai ya tsaya. Ya mayar da shi kan gwiwa, ya nuna ni da haɓa, ya ce da Larabcinsa, da ƙarfin da duk motar ta ji:

"Ustaz ne zai biya."

Na sa hannu a aljihu, na daɗe ina lalube, ba don babu ba, sai don idona ya cika ban ga komai ba. Baba kuwa ya juya yana kallon duwatsu ta taga har muka iso Tandabawi.